Bargon da na ɗinka da zannuwan Inna

Bayan an raba gadon Inna, Allah ya jiƙanta, atamfofi masu kyau duk sun tafi hannun magada. Abin da ya rage a ƙasan akwatinta zannuwa ne guda 9 da suka sha wanki har suka koɗe. Gwaggo ta ce, "Ke dai ki ba da su sadaka ki huta." Na ba da biyar. Huɗun kuwa na kasa rabuwa da su.

Mu 'yan Bagwai ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana kusa da Dam ɗin Watari da hunturu ya san sanyin da ke sauka da asuba. Ga Baba ya tsufa, bargonsa ma ya tsufa. Sai na tuna wani salon ɗinki da na gani a waya: a yanka ƙyallaye masu kusurwa uku, a haɗa mai duhu da mai haske, su tashi kamar taurari. Ban taɓa yin irinsa ba, amma na ce ai shekarata 12 a kan keke, me zai gagare ni?

Ashe da sauran karatu. Tsohon zane idan aka yanka shi a karkace miƙewa yake yi. Na haɗa layi uku, kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, taurarin suka karkace. Wajen farkewa ƙyalle biyu suka yage, daga zanen da Inna ta fi ɗaurawa. Na kifa kai a kan keken na yi kuka.

Gwaggo ce ta same ni a haka. Ba ta tuna mini maganar sadaka ba. Ta dai murza ƙyallen ta ce, "'Yar nan, tsohon zane ba a jansa, lallaɓa shi ake yi. Sa masa sitaci ki goge kafin almakashi ya taɓa shi." Haka na yi. Na yanka kwali ya zama ma'aunina, na daina jan yadi a ƙarƙashin allura. Tsohon bargon Baba na sa a tsakiya, bayan kuma yadi mai kauri da na sayo a Kantin Kwari, sannan na bi da zare da hannu don kada cikin ya tattare. Mako biyar na yi.

Ranar da na kai wa Baba, ya daɗe yana shafa wata tauraruwa mai ruwan goro. Can ya ce, "Wannan ni na saya mata, shekarar da aka haife ki." Bai ƙara komai ba, ya ja shi ya rufe ƙafafunsa.

Har yanzu akwai taurari biyu da ba su daidaita ba. Na bar su haka. 'Yar'uwa, idan za ki gwada, fara koyo da ƙyallen tela, kada ki fara da zanen da ba ki da madadinsa.