Tabkin Ɗan Dutsi da matatarsa

Wanda ya taso daga Tebaram ya nufi kudu, bayan tudu da fako zai tarar da ruwa shimfiɗe cikin kwari. Shi ne tabkin Ɗan Dutsi, a jihar Tawa.

Da can ƙaramin tabki ne mai ƙafewa da rani, gonakin hatsi da dawa na kewaye da shi. A watan Yuli na 1974, bayan shekarun fari, aka yi ruwa mai yawa. Kwarin ya cika, gonaki suka nutse, ruwan kuma ya zauna. Daga baya aka zuba kifi: gargaza, tarwaɗa, ragon ruwa da giwan ruwa. Masunta suka samu sana'a, garkuna suka samu mashaya, in ruwa ya janye a yi noman rani a bakinsa. A 2005 aka sa shi cikin jerin Ramsar, na tabkuna masu daraja a duniya.

Amma kifi ba ya son ruwa mai dauɗa. Masu kiwonsa a kwarmin siminti cikin birane suna sa matata. Ruwa yana bi ta tsakuwa ko soso, dauɗa ta tsaya, ya koma garau. In ba a wanke matatar ba sai ta toshe. Ruwan ya lalace, da asuba a ga kifi a sama yana buɗe baki, iska ta ƙare masa.

Tabki ba shi da inji. Matatarsa ita ce ciyawa da itatuwan da ke kan gangare. Su ke rage gudun ruwa, su riƙe rairayi. Inda aka sare itace, dabbobi suka cinye ciyawa ƙat, kowace korama rairayi take kawowa. Tabki ya cike, zurfinsa ya ragu, ya riƙa ƙafewa da wuri. Asarar ta masunci ce, ta makiyayi ce, ta mai garka ce.

Gyaran ba baƙo ba ne a Adar. Tun 1984 mutanen Keita, galibi mata, suka jera duwatsu a gangare, suka dasa itatuwa. Dutse kuwa ba ya wuya a nan. Ana jera shi a gicciye, ba bin gangare ba. Bayan babban ruwa a zaga a duba. Inda layi ya ɓalle a mayar da dutse kafin wani hadari ya haɗo.