Kwana Biyu a Tulon da Ƙaramin Guziri

Duk ma'aikacin da aka taɓa aikawa misiyon ƙasar waje ya san lissafin da ake yi da daddare a ɗakin otel. Ana ƙirga abin da ya rage na kuɗin guziri, a juya shi zuwa sefa, sannan a kasa shi: wannan na siminti, wannan na kuɗin lakol ɗin yara, wannan na tsarabar uwargida. Ɗan kasuwa kuwa, in ya je Dubai ko Istambul, daga sito sai masauki, daga masauki sai filin jirgi. Babu mai zarginsu, domin kowa ya san nauyin da ke jiransa a gida. Sai dai mutum yakan shekara 20 yana tafiye-tafiye, fasfo ya cika da hatimi, amma in an tambaye shi abin da ya gani, ba ya da amsar da ta wuce farashin kaya.

A watan Oktoba na 2019, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Damagaram ya saɓa wa wannan al'ada. Ya gama kwas na mako 3 a Marsai, saura kwana 2 jirginsa ya tashi. Abokan tafiyarsa suka nufi kantuna, shi kuwa ya ware yuro 150, wato kusan jikka 100 na sefa, ya ce zai je Tulon shi kaɗai. Suka yi masa dariya, suka tambaye shi abin da ake sayarwa can. Dalilinsa ba na ciniki ba ne. Kakansa na wajen uwa yana cikin samarin da aka ɗiba soja a zamanin yaƙin Hitila, kuma cikin sunayen garuruwan da tsohon yakan ambata in hira ta yi daɗi, Tulon ne ya fi yawan fitowa daga bakinsa.

Daga Marsai zuwa Tulon tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa. Ya sauka da safe, ya kama ɗan ƙaramin ɗaki kusa da tasha, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta, ya biya kwana ɗaya. A jakarsa akwai dabino da garin rogo da sukari da ganyen shayi, guzirin da bai taɓa kunyata Bahaushe ba. Da ya gangara tsohon gari sai ya faɗa kasuwar Cours Lafayette, wadda ke ci kowace safiya ban da Litinin. Nan ya sayi burodi da tumatir da zaitun, da wata waina mai faɗi ta garin wake da man zaitun da mutanen garin ke kira kad. Da ɗan canji ya ƙoshi, ya kama hanyar bakin ruwa.

Mutumin ƙasarmu yana da tasa fahimtar tashar jirgin ruwa. Tsakanin Yamai da Kwatano akwai fiye da kilomita 1000, kuma abin da aka sani na tasha shi ne kwantena, da takardun duwan, da kuɗin ajiya da ke hauhawa kowace rana. Tulon ba haka take ba. In aka cire jiragen fasinja masu zuwa tsibirin Korsika da ƙananan jiragen shaƙatawa, mafi yawan bakin ruwan na soja ne. Nan ne babban sansanin sojan ruwa na Faransa, kuma nan ne mazaunin Charles de Gaulle, jirgin nan mai tsawon mita 261 da ke ɗaukar jiragen sama, yana tafiya da ƙarfin nukiliya. Doguwar katanga ta raba sansanin da gari, ƙofofi da masu gadi, farar hula ba ya shiga.

Amma mai ƙaramin guziri yana da dabara. Hukumar sufurin garin tana da jiragen ruwa da ke aiki kamar bas, suna kai ma'aikata da ƴan makaranta ƙauyukan da ke ƙetare. Kuɗin shiga bai kai yuro 3 ba. Ya hau mai zuwa Saint-Mandrier, ya zauna a waje, iska na dukansa. Abin da katanga ta ɓoye daga tudu, sai ga shi a fili daga ruwa: jiragen yaƙi masu launin toka sun yi layi, ba hayaniya, ba ƴan dako. A nan ya gane dalilin da ya sa sarakunan Faransa suka zaɓi wurin. Teku ce ta shigo cikin ƙasa ta yi babban lungu, duwatsu sun kewaye shi ta arewa, wani tsirin ƙasa ya tare shi ta kudu, mashigar kuwa ƴar ƙarama. Runduna guda na iya kwana ciki ba tare da tsoron guguwa ba, kuma ƴan igwa kaɗan sun isa su tsare ƙofar. A bakin mashigar akwai wata ƙatuwar hasumiya mai kauri da aka fara ginawa a 1514. Daga baya, a zamanin Sarki Luwi na 14, injiniya Voban ya faɗaɗa ma'aikatar ƙera jirage ya ƙarfafa ganuwa.

Wannan ruwa mai kwanciya ya ga fitar rundunonin da suka sauya rayuwar Afirka. Daga nan Napoliyon ya tashi zuwa Masar ranar 19 ga Mayu 1798. Shi ɗin ma a nan ya fara suna, a 1793, lokacin da masu goyon bayan sarauta suka miƙa garin ga Ingilishi, shi kuma yana ɗan shekara 24 ya tsara igwogin da suka kore su, aka ba shi janar. Daga nan kuma, a watan Mayu na 1830, sojoji wajen 37,000 suka shiga jirage zuwa Aljeriya, birnin Alje ya faɗi ranar 5 ga Yuli. Mulkin mallakar da ya iso Damagaram a 1899 da dawaki da ƴan dako, ƙarfinsa na asali a irin wannan tasha yake. Ƙasar da ba ta da teku ba ta tsira daga abin da aka shirya a bakin teku ba.

Da ya komo gari da la'asar, ya tsaya gaban babbar majami'ar Sainte-Marie, wadda ke da labarin da ba a koya masa a lise ba. A 1543 Sarki Faranswa na 1 yana ƙawance da Sultan Sulaimanu na Daular Usmaniyya, suna yaƙi da Sarki Sharl na 5. Rundunar Hairuddin Barbarosa, jirage wajen 100 da mutane wajen 30,000, tana bukatar wurin da za ta yi hunturu. Sai sarkin Faransa ya umurci mutanen Tulon su fice su bar musu gidaje. Watanni da dama Turkawa suka zauna, aka mai da majami'ar masallaci, ana kiran salla a tsakiyar gari, har suka tashi a 1544. Matafiyin ya daɗe yana duban ginin. Manyan ƙasashe, in bukata ta kama, ba su tambayar addinin abokin ƙawance, kuma talakan gari ne ke kwashe tabarmarsa.

Kafin a rufe, ya biya kuɗin shiga gidan tarihin sojan ruwa. Ƙofarsa ita ce tsohuwar ƙofar ma'aikatar jirage, ginin 1738. Ciki akwai manyan samfurorin jiragen katako masu filafilai, da igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya fi tsayar da shi shi ne sashen fursunoni. Daga 1748 har 1873 Tulon na da gidan kaso na aikin dole. Ana ɗaure mutane biyu biyu da sarƙa, mai jar hula yana da ranar fita, mai koriyar hula kuwa ɗaurin rai da rai ne. Su ke jan katako, su ke yashe tasha, su ke ɗaukar duwatsu. Wanda ya karanta littafin Victor Hugo, Les Misérables, ya san a nan ne Jean Valjean ya yi shekara 19, farkonta saboda satar burodi. Wanda kuma ya ji labarin aikin dole daga bakin tsofaffinmu, kafin a soke shi a 1946, ba ya bukatar a fassara masa komi.

A gidan ne kuma ya ga hotunan ranar 27 ga Nuwamba 1942. Jamus ta mamaye kudancin Faransa, tankokinta sun iso ƙofar sansanin da asuba domin kama jiragen. Sai hafsoshin Faransa suka nutsar da rundunarsu da hannunsu: jirage fiye da 70, cikinsu manyan jiragen yaƙi 3. Jiragen ƙarƙashin ruwa ƙalilan ne suka sulale, irin su Casabianca wanda ya kai Alje. Dukiyar da aka shekara da shekaru ana tarawa ta tafi cikin safiya ɗaya, garin kuma ya zauna hannun abokan gaba.

Wanda ya ƙwato shi, shi ne abin da ya kai matafiyin kan dutsen Faron washegari. Dutsen yana da tsayin mita 584, ana hawansa da wani jan akwati mai tafiya bisa igiyar ƙarfe, wanda suke kira teleferik. Ya sayi tike na yini guda wanda ya haɗa bas da jirgin ruwa da akwatin, ya rufe ido har suka kai. A sama akwai gidan tunawa da saukar sojojin ƙawance a yankin Provans, wanda Janar De Gol ya buɗe a 1964, aka sabunta shi a 2017.

Saukar ta fara ranar 15 ga Agusta 1944. Rundunar Faransa da Janar De Lattre ke jagoranta ta kai mutum wajen 250,000, kuma mafi yawansu daga Afirka suka fito: ƴan Aljeriya, Maroko da Tunisiya, Turawan da ke zaune can, da baƙaƙen sojoji da ake kira tirayer na Senegal, ko da yake an ɗibo su daga dukan ƙasashen yammacin Afirka da Faransa ke mulki, har da Nijar. Runduna ta 9 ta sojan mallaka, wadda tirayer suka fi yawa cikinta, ta shigo ta gabas, ƙauye bayan ƙauye, tudu bayan tudu. An gwabza daga 20 zuwa 26 ga Agusta, kuma ranar 28 kwamandan Jamus da ya maƙale a Saint-Mandrier ya miƙa wuya. Faransa ta ƙirga mutum wajen 2,700 tsakanin matattu da masu rauni, ta kama fursunoni wajen 17,000.

Bayan nasara sai aka sauya musu fuska. A watannin Oktoba da Nuwamba na wannan shekara aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka ce saboda sanyi, aka ba samarin Faransa kakinsu da bindigoginsu. A 1959 aka daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ke samun ƴancin kai, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011. Kakan matafiyin ya rasu tun kafin nan. Sai a Agustan 2019, wata 2 kafin wannan tafiya, shugaban Faransa ya roƙi magadan gari su sa wa tituna sunayen sojojin Afirka.

A gidan tunawar akwai taswirori da kaki da hotunan samari baƙaƙe riƙe da bindiga. Ya duba fuskokin ɗaya ɗaya, bai ga mai kama da kakansa ba. Da ya yi tambaya, wata ma'aikaciya ta gaya masa takardun sojojin da suka komo gida da rai suna ma'ajiyar soja ta garin Pau, na waɗanda suka mutu a yaƙi kuma suna Caen, kuma lambar soja ce mabuɗin nema. Ya rubuta wannan a bayan tikensa. Sannan ya fita bakin dutsen, gari da sansani da teku duk suna ƙarƙashinsa, ya kira mahaifiyarsa.

"Inna, ga ni a garin da Kaka yake faɗa. Ina ganinsa duka."

Ta yi shiru, sannan ta ce: "To, ka yi masa addu'a, shi da waɗanda ba su komo ba." Ya ɗaga hannu ya yi, masu yawon buɗe ido na wucewa ta bayansa.

Da yamma, a jirgin komawa Marsai, ya yi lissafi. Ɗaki ya ci kusan rabin kuɗin, sauran ya tafi ga jirgin ƙasa da tike da gidajen tarihi da abinci, har ya rage ƴan yuro da ya saya wa ɗiyarsa sabulun Marsai. Abokansa sun komo da akwatuna, shi ya komo da sunan gari biyu a bayan tike.

Irin wannan tafiya ta yi wuya yanzu. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a farkon 2024, samun biza ya zama aiki. Amma abin da ya fi muhimmanci ba ya bukatar biza. A gidaje da dama na Maraɗi da Tawa da Damagaram akwai tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, ciki da ɗan littafin soja da ya yi ja, da lambar yabo mai tsatsa. Gara da ruwan damina suna cinye su kowace shekara, kuma tsofaffin matan da suka san sunan ƙauyen da aka ɗibi mutum da shekarar da ya komo suna ƙarewa. Matafiyin, da ya isa Damagaram, ya sa an buɗe adakar kakansa, ya sami littafin, lambar tana karantuwa. Ya ɗauki hoton kowane shafi, ya rarraba wa ƴan'uwa, ya zauna da Inna ya rubuta abin da ta tuna. Mai irin wannan adaka a gidansu, ya buɗe ta tun masu bayani suna da rai.