Makwancin Barewa a Gefen Tudu

A kudu maso yammacin jihar Wiskonsin ta Amurka akwai yankin tuddai da kwaruruka masu zurfi, inda gangare ya fi fili yawa. A can za a tarar da mai gona ya ware gefen tudu guda, ya kashe kuɗi a kan iri da shinge, ya dasa itatuwa da ciyayi, alhali ya san ba zai girbe ko dami ɗaya a wurin ba. Burinsa barewa ta zo ta kwanta.

Barewar da ake magana a kanta ita ce mai farar wutsiya, wadda namijinta ke zubar da ƙahonsa kowace shekara ya fitar da sabo. Abinci ba ya yi mata wuya a ƙasar masara da waken suya. Abin da ke ƙaranci shi ne wurin da za ta wuni cikin natsuwa, domin kiwonta na asuba ne da almuru, yawancin yini kuma a kwance take tana tuƙa. Duk gonar da ba ta da maɓoya, barewa za ta ci a cikinta da dare, gari na wayewa ta koma ta maƙwabci.

Don haka mai aikin yakan fara da karatun tudun kafin ya taɓa fartanya. Barewa ta fi son kwanciya kusa da saman gangare, a ɓangaren da tudu ya kare ta daga iska. Hancinta na gadin bayanta, idonta na gadin kwarin da ke gabanta. Da hantsi, idan rana ta ɗumama ƙasa, iska na hawowa daga kwari ɗauke da warin duk wanda ke ƙasa, da yamma kuma ta juya ta gangara. A hunturu gangaren da ke fuskantar kudu ya fi samun rana, dusar ƙanƙara ta fi saurin narkewa a kansa. A lokacin zafi na arewa ne mai inuwa. Mata da 'ya'yansu sukan kwanta rukuni-rukuni kusa da abinci, manyan maza kuwa su keɓe can nesa, kowa shi kaɗai.

Sai batun abin shuka. Ciyawar da aka fi dogaro da ita ita ce suwicgiras, wadda ke kai tsayin mutum, kararta kuma ba ta saurin kwanciya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Akan haɗa ta da wata doguwar ciyawa 'yar dangi ɗaya da gambar da ake saƙa zana da ita a ƙasar Hausa. Ciyayin nan masu gwada haƙurin mutum ne: a shekarar farko ƙarfinsu na tafiya ne wajen kafa saiwa, har mai gona ya ɗauka irinsa ya mutu, sai a ta uku suke cika ido. Tsakaninsu ana dasa gungu-gungu na itatuwa masu ganye kamar allura, irin su sifurus da fayin, waɗanda ba sa kaɗe ganye, don su tare iskar hunturu. A gefe kuma a sa ƙananan itatuwa masu tofon da barewa ke ci, tun da busasshiyar ciyawa maɓoya ce kawai. Wasu sukan yanka itace rabi su kwantar da shi da ransa, ya zama shinge, ya kuma saukar da ganyensa daidai bakin dabba. Bayan 'yan shekaru akan sa wa ciyawar wuta cikin tsari, don kada daji ya cinye ta.

Yawancin masu wannan wahala mafarauta ne, kuma ba sa ɓoye hakan. Sai dai amfanin ya wuce abin da suka nufa. Ana haihuwar 'ya'yan barewa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, makonninsu na farko kuma a lafe suke cikin ciyawa ba motsi, don haka kaurin ciyawar na cikin abin da ke tsakaninsu da bakin namun daji. Tudun ma yana samun rabonsa. A wannan yanki ne, a kwarin Coon Creek, gwamnatin Amurka ta fara babban gwajinta na yaƙi da zaizayar ƙasa a 1933, bayan garma da kofaton shanu sun tsiraita gangare, ruwa ya yi ta kwashe ƙasar noma. Daga cikin darussan akwai fitar da shanu daga gangare mai tsauri. Tun 1985 kuma akwai shirin gwamnati da ke biyan manomi haya duk shekara, na tsawon shekara 10 zuwa 15, idan ya daina noma ƙasa mai saurin zaizaya ya rufe ta da ciyawa ko itatuwa.

Amma akwai ƙaya a cikin nasarar. Aldo Leopold, malamin jami'ar Wiskonsin da ya ba da shawara a aikin Coon Creek, ya sayi wata gajiyayyiyar gona a 1935, shi da iyalinsa suka dasa dubban itatuwan fayin. Shi ne kuma a shekarun 1940 ya yi ta gargaɗin cewa barewa ta yi wa dazuzzukan jihar yawa, tana cinye tsiron da zai gaji manyan itatuwa. Ya nemi a riƙa harbin mata, mafarauta da dama suka yi masa ca. A 2002 aka gano cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa a jihar, cunkoson dabbobi kuma na taimaka mata yaɗuwa.

Saboda haka mai gyara makwanci ya ɗauki nauyi biyu. Dole ya kewaye kowane dashe da waya, in ba haka ba baƙuwar da ya gayyata za ta cinye ɗakinta tun bai tashi ba. Dole kuma ya yarda a rage garken idan ya fi ƙarfin tudun. Bayan haka sai mafi wuya: ya ɗauke ƙafa. Warin mutum sau biyu ko uku a cikin makwanci na iya sa babban namiji ya ƙaura, shi ya sa masu aikin kan bar wurin ba shiga sai da dalili mai ƙarfi. Mutumin da ya yi shekara biyar yana dashe da shinge yakan ƙare yana kallon aikinsa daga wancan tudun, yana jiran ƙarshen hunturu ya leƙa ya ƙirga guraben da jikin barewa ya danne a cikin ciyawa.