Na Ziyarci Kogon Sauru

Dutsen Sauru yana kudu da Makka, kimanin kilomita 4 daga Harami. Malamai sun ce hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji. Duk da haka na hau, domin a shekarar bashi ya cinye jarina, barci ya ƙaurace mini.

Mun kusa sa'a biyu muna hawa. Kogon ɗan ƙarami ne, sai da rarrafe ake shiga. A nan Manzon Allah (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar suka kwana uku lokacin Hijira, cikin 622, Ƙuraishawa kuwa sun sa ladan raƙuma 100. Masu bin sawu suka iso har bakin kogon. Da ɗayansu ya sunkuya, da ya gan su. Hankalin Abubakar ya tashi, Annabi ya tuna masa cewa Allah ne na ukunsu.

Jama'a, a lura, ba zama kawai suka yi ba. Madina tana arewa, suka nufi kudu. Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki su shafe sawu, ya kawo musu madara.

Na sauko da la'asar, ƙafafu suna rawa, ina lissafin wanda zan fara biya.