Haifaffen Zariya A Fagen Ƙanƙara

A teburan masu shayi na Abule Egba da Agege, inda 'yan Arewa mazauna Ikko kan taru da dare suna gardamar ƙwallo, da wuya a ambaci ɗan Nijeriya da ya buga wasa a Turai ba a sami wanda ya san tarihinsa ba. Amma a ambaci Rumun Ndur, sai a yi tsit, alhali kuwa a Zariya aka haife shi, ran 7 ga Yuli, 1975. Ba laifinsu ba ne, domin wasan da ya yi suna a cikinsa, wato hoki na kan ƙanƙara, ba ya yiwuwa a inda ƙanƙara ba ta wuce ta sanyaya ruwan sha ba.

Tun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura da shi zuwa jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, inda yaro kan koyi sululu a kan daskararren ruwa kusan tare da koyon tafiya. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Biyu daga cikinsu masu tsaron baya ne, nan kuwa aka ajiye Ndur.

A 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta Amurka ta zaɓe shi, shi ne na 69 a jerin samarin da aka ɗiba a shekarar. Ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta Rochester, inda suka ci kofin Calder a 1996. Daga nan ya hau babbar gasar NHL, ya zama haifaffen Nijeriya na farko da ya taka wannan matsayi. Ya koma New York Rangers a kakar 1998 zuwa 1999, ya yi wasa tare da Wayne Gretzky a shekarar da wannan gwarzo ya yi ritaya, sa'an nan ya wuce Atlanta Thrashers.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wasa 69 ya buga a NHL, ya jefa ƙwallo a raga sau 2 kacal, amma mintin da ya yi a zaune a benci na horo ya kai 137. A wannan wasa idan mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama naushi, alƙali kan bar su har ɗaya ya faɗi ko a gaji, kana a kore su na minti biyar biyar. Saboda haka ƙungiyoyin wancan zamani kan ajiye wani ƙato mai rama wa 'yan uwansa, domin abokan hamayya su ji tsoron taɓa gwanayen. Ndur ya iya tsaron baya, in ba haka ba da ba a kai shi can ba, amma ƙarfin damtsensa aka fi nema. Ɗan damben gargajiya ko ba komai yana da makaɗi mai wasa shi, ana kuma kiran sunan garinsu. Shi kuwa wannan aiki jiki ne ke biyan kuɗinsa, yabon ya tafi ga wanda ya ci ƙwallo. Duk maigadin da ya kwana a ƙofar wani a Ikko ya san irin wannan ciniki.

Bayan shekarar 2000 bai sake buga NHL ba. Ya ci gaba a ƙananan gasa, har ya shiga Danbury Trashers a 2004, ƙungiyar da wani attajirin kwasar shara ya kafa ya danƙa wa ɗansa mai shekara 17, wadda ta yi ƙaurin suna wajen faɗa. Can 'yan kallo suka riƙa yi masa kirari da laƙabin da ke nufin dodon Nijeriya. Ƙungiyar ta rushe a 2006 da hukuma ta kama mai ita. Ndur ya kuma yi wasa a Turai, har da Coventry Blaze ta Ingila, kafin ya ajiye sanda. A 2021 kamfanin Netflix ya fitar da fim a kan Trashers, a nan ne mutane da yawa suka fara ganin fuskarsa.