Ruwa Mai Hawa Bakwai A Ƙasar Yarbawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in ba 'yan'uwa labari.

Na tafi Ilesha sayen goro, sai mai masaukina ya kai ni Erin-Ijesha, inda ruwa ke zubowa daga bisa dutse hawa bakwai a cikin kurmi. Yarbawa na ce masa Olumirin. Tun daga nesa muka jiwo rugugi, ga shi kuwa tsakiyar rani ne, rafin garinmu ya ƙafe tuni. Na duba, sai na ga itatuwa sun lulluɓe dutsen. Mu kuwa mun sare na bakin rafinmu mun yi girki. Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani falke.