Damo sarkin haƙuri, mai gadin gona ba lada

Duk wanda ya taso a ƙasar Matamaye ya san guza, ya kuma san damo. Ƴan gida ɗaya ne, masu harshe mai reshe biyu irin na maciji, wanda da shi suke shinshinar abinci, amma hali ya raba su. Guza na bakin ruwa ne, cikin fadamun Korama inda ake noman rake. Yakan kai mita 2, yana iyo, yana hawan itace, yana cin kifi da kwaɗi da ƙwai. Macensa takan fasa suri da damina ta zuba ƙwai, gara ta liƙe ƙofar, ta zame musu ungozoma.

Shi ko damo na tudu ne, gajere, mai kauri, da wuya ya zarce mita 1. Hausawa na yi masa kirari da sarkin haƙuri, kuma ba a banza ba. Da damina yake ci ya tara kitse. Rani na shigowa sai ya shige rami ko kogon itace, ya yi wata da watanni bai sa kome a baki ba. Abincinsa kuwa gyare da fara da ƙadandoniya da kunama, wato yawancinsu abokan gabar manomi.

To, haƙurin nan shi ne ajalinsa. In karnuka sun rutsa shi, iyakarsa ya kumbura, ya yi huci, ya kai bulala da wutsiya. Ana cin namansa, ana rufa ƙwaryar goge da fatar danginsa, ana kai fatun ƙetare su zama takalma da jakunkuna. Lokacin da ya fi fitowa, har ya fi sauƙin kamu, shi ne lokacin da gero ya fi bukatar mai gadi.

Doka ba ta manta da su ba. Nijar ta shiga yarjejeniyar CITES a 1975, wadda ta sa ido kan cinikin fatunsu tsakanin ƙasashe, ga kuma dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998. Amma ma'aikacin gandun daji ba ya kwana a kowace gona. Mai gona shi ne alƙali. In ya bar damo ya wuce, ya rasa miyar dare ɗaya. In ya kashe shi, ya sallami mai gadin da bai taɓa neman lada ba. Allah ya sa a gane.